Yadda Ake Shirya Wasan Kurket na Sada Zumunta a Gona

Kurket wasa ne na ɓangarori biyu, kowanne da mutum 11. Ɓangare ɗaya na bugun ƙwallo yana tara maki, ɗayan na jifa da tare yana neman fitar da masu bugun ɗaya bayan ɗaya, sa'an nan a yi musanya. Wanda makinsa ya fi yawa shi ya ci. Na sada zumunta kuwa shi ne wanda babu kofi babu kuɗi a kansa. Mai gona ko mai babban gida ke ba da fili da abinci, ya tara 'ya'yansa da ma'aikatansa da maƙwabta, ya gayyato wasu daga wani gari su zo a kara, a ci a sha, a watse kafin dare.

Wannan salo ya girmi manyan gasannin da ake kallo a talabijin. A Ingila, inda wasan ya samo asali, masu manyan gidaje da gandaye ne suka riƙe shi tun ƙarni na 18. A 1727 Duke na Richmond na biyu da wani mai ƙasa, Alan Brodrick, suka shirya karawa biyu tsakanin mutanensu, kuma kafin a jefa ƙwallo ko ɗaya sai da aka rubuta sharuɗɗan da za a bi. Takardar tana cikin tsofaffin ƙa'idojin kurket da suka rage a rubuce. Daga baya aka sami ƙungiyoyi marasa filin kansu, irin su I Zingari da aka kafa a 1845, masu yawo gida-gida duk inda aka gayyace su. Dokokin wasan guda 42 suna hannun kulob ɗin MCC na Landan, wanda aka kafa a 1787, amma al'adar zama a daidaita kafin wasa ba ta mutu ba, kuma ita ce ginshiƙin wasan zumunta har yau.

Turawan mulki suka kawo kurket Afirka ta Yamma, inda Legas ta kara da Gwalkwas, wato Gana ta yau, a 1904. A Arewacin Najeriya makarantu ne suka raine shi, musamman Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922, wadda ta koma Kaduna, ta sake komawa Zariya ta zama Barewa. Ɗalibanta, ciki har da Ahmadu Bello Sardaunan Sakkwato, sun taso da kurket da ƙwallon bango da ake bugawa da tafin hannu. Har yanzu ana buga kurket a Kaduna, kuma a Janairun 2025 'yan matan Najeriya 'yan ƙasa da shekara 19 suka doke Niyu Zilan a gasar duniya a Malesiya. A gabashin Sudan, inda Hausawa jikokin mahajjata da na waɗanda suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903 suke noman dawa da riɗi, ƙwallon ƙafa ce ta mallaki zukata, kowa da kulob ɗinsa, Hilal ko Marik. Sai dai ƙasar Gadarif tana da abin da kurket ya fi buƙata: shimfiɗaɗɗen fili, baƙar laka, da manyan gonaki tun da aka soma noman injin a can cikin shekarun 1940. Bayanin da ke tafe ya ɗauki gona a yankin Ƙala'at an-Nahal a matsayin misali, kuma yawancinsa zai yi aiki a Kano ko Maraɗi.

Abu na farko shi ne lokaci. Bature yana buga kurket daga Afrilu zuwa Satumba saboda a lokacin ne ƙasarsa ke da ɗumi da doguwar rana. Wanda ya kwaikwayi wannan kalanda a Gadarif ya saya wa kansa wahala. A Afrilu da Mayu zafi kan haura digiri 40, daga Yuni zuwa Oktoba kuma damina ce, laka na riƙe ƙafa, kowa yana gona. Lokacin da ya dace shi ne bayan an yanke riɗi an kwashe dawa, daga ƙarshen Disamba zuwa Fabrairu. Ko a nan ma tsakar rana kan haura digiri 30, saboda haka a fara da sanyin safiya, wajen ƙarfe 7, a gama kafin azahar. Bayan la'asar ba a samun abin da ya wuce gajeren wasa, don rana kan faɗi kafin ƙarfe 6. Idan ranar Juma'a ce, a rage tsawon wasan yadda kowa zai sami wanka ya tafi masallaci a kan lokaci.

Filin da'ira ne, ko mai kama da ƙwai. A wasannin ƙasa da ƙasa na maza iyakarsa ba ta kasa mita 59 daga tsakiya, ba ta kuma wuce mita 82. Ga 'yan koyo mita 50 zuwa 60 ta wadatar. Da'ira mai mita 60 daga tsakiya ta ɗan haura hekta guda, kusan faddan 3 ke nan a ma'aunin Sudan, ban da wurin rumfa da na 'yan kallo. Ana kafa turke a tsakiya, a ɗaura igiya mai tsawon da ake so, mutum ya ja ta ya kewaya yana zuba toka ko farar ƙasa, a kakkafa 'yan tutoci duk bayan taku goma sha biyu ko makamancin haka. Kafin wannan sai an yi shara ta gaske. Tushiyar kara da aka sara a karkace tana huda takalmi, ga ƙaya da tsidau, ga tsagar ƙasa da ke karya idon sawun mai gudu yana kallon sama. A jera yara a layi su ratsa filin sau biyu suna tsintar abin da suka gani, a cike manyan tsagogi da ƙasa. Wajen fili ba ya buƙatar ciyawa ko kyan gani. Ba ya dai son abin da zai ji wa mutum ciwo.

Aikin gaske yana tsakiya, a zirin da ake jifa a kai. Tsawonsa daga turaku zuwa turaku yadi 22 ne, wato mita 20.12, faɗinsa mita 3.05. A shimfiɗa shi kudu da arewa don kada rana ta shiga idon mai bugu da safe ko da yamma. A kurket ƙwallo na dira ƙasa kafin ta iso ga mai bugu, don haka duk wasan ya rataya ne a kan yadda take tashi. In ziri ya daidaita, wanda bai taɓa riƙe sanda ba ma zai taɓa ƙwallo ya ji daɗi. In yana da tudu da rami, ɗaya ta bi ƙasa ɗaya ta nufi haƙora, gwani da ɗan koyo duk ɗaya suke, kuma ba a rabuwa lafiya.

Baƙar laka irin ta Gadarif dangin wadda ake gina zirin manyan filaye da ita ce a Indiya da Ostareliya, saboda in ta sha daɓe ta bushe takan yi tauri ta ba ƙwallo tashi mai kyau. Aibinta shi ne darewa. Hanyar sarrafa ta ita ce ta daɓen ɗaki da mata suka sani. A share wuri mai mita 25 a tsaye da 3 a kwance, a kafce shi zurfin taƙi guda, a farfasa hoge, a tsince duwatsu da saiwoyi. A ja zare daga gefe zuwa gefe, a bi da dogon katako ana jan tudu zuwa rami har ya yi bai ɗaya. Da yamma a yayyafa ruwa ya ratsa, a bar shi ya kwana. Da safe a gwada da babban yatsa: in ƙasa ta manne a yatsan, ba ta yi ba tukuna, in yatsan ya bar shaida amma ya fito fes, lokacin duka ya yi. Mutum huɗu ko biyar su jeru da madaɓai su tafi a hankali daga wannan kai zuwa wancan, a biyo su da rola, ko da duro ne da aka cika da yashi. Daga nan a rufe da buhunan algarara ko ciyawa, don bushewar gaggawa ita ke tsaga laka. A maimaita kwana bakwai zuwa goma, ana rage ruwan kullum, ana cike duk tsagar da ta buɗe da laka mai laushi. Kwana biyu kafin wasa a daina ba da ruwa, a ci gaba da rola kawai.

Wannan aiki yana cin ruwa. Jiƙa wuri mai wannan girma da ruwan da ya kai santimita ɗaya yana cin lita 750, kusan duro huɗu, a yayyafi guda. A yankin da rani ke sa mutane dogara da hafir, wato tafkin tara ruwan sama, da ruwan sayarwa, mai hankali ba zai zuba wannan a ƙasa saboda wasan yini ɗaya ba. Mafita biyu ce. Ta farko a nemi wurin da ya riga ya yi tauri, kamar tsohuwar masussuka ko jan ƙasa mai tsakuwa da ke gindin duwatsun Ƙala'at an-Nahal, a share shi, a yi masa daɓe sau ɗaya ko biyu. Ta biyu a shimfiɗa tabarmar kurket ta zaren kwakwa a kai, a ja ta sosai a kafe gefunanta da dogayen ƙusoshi. Wannan ba abin kunya ba ne: Afirka ta Kudu ta karɓi manyan wasannin ƙasa da ƙasa a kan irin wannan shimfiɗa har farkon shekarun 1930, Pakistan kuma har shekarun 1950. In ba a samu ba, tamfol mai kauri zai yi, amma ban da tabarmar roba, don tana zamewa. In shimfiɗar gajera ce, a sa ta a kai ɗaya inda ƙwallo ke dira, a riƙa jifa daga kai ɗaya kawai, masu bugu su riƙa musanya wuri. Gwajin ƙarshe shi ne a saki ƙwallo daga tsayin kafaɗa a wurare goma daban-daban. In tashinta ya yi kusan daidai ko'ina, an gama.

A kowane kai ana kafa turaku uku a jere, tsayinsu daga ƙasa santimita 71, faɗin ukun gaba ɗaya santimita 23, yadda ƙwallo ba za ta ratsa tsakaninsu ba. A kansu ake ɗora 'yan sanduna biyu, kuma sai ɗaya daga cikinsu ta faɗo, ko turke ya tuge, ake cewa an karya turaku. Kafinta zai iya fiƙe su daga kowane icce mai ƙarfi, ya yi ɗan kwarmi a bisa. Layin da turaku ke kai tsawonsa mita 2.64 ne. Gabansa da mita 1.22 ake jan layi mafi muhimmanci, wanda shi ne gidan mai bugu kuma iyakar ƙafar mai jifa. A gefe da gefe, mita 1.32 daga turken tsakiya, akwai gajerun layuka biyu da suka miƙe baya. Don kusurwa ta fita daidai a yi amfani da dabarar magina ta igiya mai awo uku, huɗu, biyar.

Sandar bugu ba ta wuce santimita 96.5 a tsawo da 10.8 a faɗi. Da iccen wilo ake yin ta, mariƙinta na gora, kuma yawancin na kasuwa daga Sialkot ta Pakistan ko Meerut da Jalandhar na Indiya suke fitowa. Biyu sun isa a yi wasa, uku sun fi. Zancen ƙwallo kuwa yana buƙatar shawara. Ta ainihi ta fata ce mai tauri, nauyinta giram 156 zuwa 163, kuma ba a wasa da ita sai da hular kwano, safar hannu mai kauri, kariyar ƙwauri da ta gaba. A Nuwamban 2014 irin wannan ƙwallo ta sami ɗan wasan Ostareliya Phillip Hughes a wuya a Sidni, ya rasu, alhali ƙwararre ne sanye da hula. A gonar da asibiti ke da nisa, da mutanen da rabinsu ba su taɓa wasan ba, babu dalilin kawo ta. Abin da ya dace shi ne dabarar 'yan unguwannin Karachi: ƙwallon tanis da aka naɗe da salatif ɗin masu gyaran lantarki. Ana kama bakin salatif da babban yatsa, a ja shi har ya ɗan miƙe, a kewaya tsakiyar ƙwallon, a juya ta kaɗan a sake kewayawa yadda kowane zagaye zai hau rabin na baya, har gashin ya ɓace babu ƙulli. Takan yi nauyi da santsi, ta yi sauri, amma in ta sami mutum zafi kawai zai ji. A tanadi shida ko fiye, don ƙasa mai tsakuwa na cin salatif. Fari ya fi ganuwa a kan baƙar ƙasa.

Kwana ɗaya kafin wasa, ko da sassafe, kyaftin biyu su zauna gaban mai gida da alƙalan wasa su yanke sharuɗɗa, a rubuta. Jifa shida ake kira oba, kuma abu na farko shi ne yawan oba. Salon oba 20 ga kowane ɓangare, wanda aka fara a Ingila a 2003, yana cin wajen awa uku, kuma a cikinsa ba a barin mutum ɗaya ya jefa fiye da oba 4. Ga 'yan koyo 12 zuwa 15 sun fi. Bayan wannan sai dokokin gida, waɗanda manufarsu ɗaya ce, kada wani ya yi tafiyar awa biyu ya koma bai taɓa ƙwallo ba. Akan amince cewa wanda ya kai maki 25 ya koma rumfa ya ba wani, in kowa ya fita ya dawo. Ba a fitar da mutum a ƙwallonsa ta farko. Kowa sai ya jefa aƙalla oba ɗaya. Dattawa da yara suna iya jifa ta ƙasan hannu, abin da dokokin MCC da kansu suka yarda da shi in an daidaita tun farko. A faɗi hukuncin ƙwallon da ta faɗa tsaga ko ta shiga gonar maƙwabci. A kuma yanke magana kan mai jifa da ya karya turaku ya fitar da abokin mai bugu saboda ya bar layi da wuri. Doka ta halatta, amma ba abin da ya fi shi haddasa rigima, kuma a wasan zumunta gargaɗi ya isa. In ɓangare ɗaya ya fi ƙarfi nesa ba kusa ba, a raba gwanayen. Wasan da aka san wanda zai ci tun kafin a fara ba ya tara 'yan kallo karo na biyu.

Saura minti 15 zuwa 30 a fara, kyaftin na gida ya cilla kwabo sama, baƙo ya zaɓi fuska. Wanda ya ci shi ke zaɓar bugu ko jifa. A ƙasa mai zafi galibi gara a fara da jifa, a yi tsayuwar fili da sanyin safiya.

Masu bugu biyu ne ke shiga, ɗaya a kowane kai. Mai jifa ya taho da gudu ya saki ƙwallo ta saman kafaɗa, hannu a miƙe. Wannan shi ne abin da ya fi ba sabon shiga wuya, domin lanƙwasa gwiwar hannu a miƙe ta lokacin saki, irin jifan dutse, haramun ne. Dole wani sashe na ƙafarsa ta gaba ya kasance bayan layin gaba. In ya ƙetare, ko ƙwallo ta iso sama da ƙugu ba ta dira ba, ko ta dira fiye da sau ɗaya kafin layin mai bugu, jifan ya ɓaci: a ba masu bugu maki ɗaya, a sake. Haka ma in ta yi nisa da mai bugu yadda sandarsa ba za ta kai ba. Da an cika shida masu kyau, wani ya karɓa daga ɗaya kan. Mutum ɗaya ba ya jefa oba biyu a jere.

In mai bugu ya doki ƙwallo, shi da abokinsa suna iya rugawa su yi musanyar wuri, kowa ya dangwala sanda bayan layi, maki ɗaya ke nan, kuma suna iya ƙarawa muddin ƙwallo ba ta dawo ba. Ba dole ne a gudu ba. In ta gangara ta ƙetare iyaka maki 4 ne, in ta ƙetare a sama ba ta taɓa ƙasa ba maki 6. Gudu yana son magana, kuma kalmomi uku sun isa: "zo", "a'a", "dakata". In ƙwallo ta tafi gaba, wanda ya buga ne ke kira. In ta tafi bayansa, abokinsa ne, don shi ke ganinta. Ko da yaro ne ke bugu da baffansa, in ya ce "A'a, Baffa!" sai baffan ya koma. Rabin fitar 'yan koyo daga shiru ko kiran mutum biyu a lokaci guda take zuwa.

Hanyoyin fita da ake gani kullum biyar ne. Ƙwallon mai jifa ta karya turaku. Wani ya cafe ta daga sanda kafin ta taɓa ƙasa. A karya turaku da ƙwallo alhali mai gudu bai kai layi ba. Mai bugu ya fito daga layi ya kuskure ƙwallo, mai tsaron baya, wato wanda ke tsaye bayan turakunsa, ya karya turaku kafin ya koma. Ta biyar ita ce mai gardama: ƙwallo ta sami ƙafa ko jiki ba ta fara taɓa sanda ba, alhali da an bar ta turaku za ta doka. Tana da sharuɗɗa, misali in ta dira waje ta ɓangaren ƙafafun mai bugu ba a fitar da shi ko da turken tsakiya ta nufa. Ko manyan alƙalai na kuskure a nan har ana komawa ga kyamara. Shawara ita ce a ajiye wannan doka gaba ɗaya, sai ga wanda ya tsaya gaban turaku yana tare ƙwallo da ƙafa da gangan. Wanda ya karya turakunsa da sandarsa ko jikinsa wajen bugu shi ma ya fita. In mutum 10 suka fita, ko oba suka ƙare, zango ya cika.

Ban da mai jifa da mai tsaron baya, saura mutum 9 ne kyaftin zai baza. Da ƙwallon salatif babu amfanin jera masu cafe kusa da mai tsaron baya kamar yadda ake gani a talabijin. Ɗaya ya isa. A sa biyar a zobe na ciki wajen mita 25 daga mai bugu, uku a bakin iyaka, biyu daga cikinsu a ɓangaren ƙafafunsa, don can ɗan koyo ke kwaɗa ƙwallo. Doka ta hana fiye da mutum biyu tsayawa bayan layin mai bugu a wannan ɓangare, ban da mai tsaron baya. Masu ƙarfin jifa su tafi nesa, dattawa su tsaya kusa inda gudu bai yi yawa ba.

Alƙalan wasa biyu ne, ɗaya bayan turakun mai jifa, ɗaya a gefe daidai layin mai bugu, suna musanya bayan kowace oba. A zaɓi masu natsuwa da ake jin kunyarsu, ɗaya daga kowane ɓangare, ko da saninsu bai kai na matasa ba. Na bayan mai jifa yakan riƙe tsakuwa shida a hannun dama, duk jifa mai kyau ya mayar da ɗaya hagu, in ya ɓaci ya bar ta. Da hannun dama ya wofinta sai ya ce oba ta cika. Ba ya fitar da kowa sai masu tare sun nema, kuma in yana shakka mai bugu ke cin riba. Ɗaga yatsa ɗaya alamar fita ce. Kaɗa hannu a gaban ƙirji 4 ne, ɗaga hannu biyu sama 6. Buɗe hannu biyu gefe da gefe jifa ne mai nisa, miƙa hannu ɗaya gefe jifa ne da ya ɓaci. Ɗaga buɗaɗɗen tafi sama yana nufin an gudu ba tare da ƙwallo ta taɓa sanda ko jiki ba, dafa gwiwa kuma ta taɓa jiki. Irin waɗannan maki na ƙungiya ne, ba a rubuta wa mai bugu. Masu rubuta maki biyu su zauna tare a rumfa, su ɗaga hannu su nuna sun ga kowace alama, su gwada lissafinsu bayan kowace oba. Kowane jifa yana da shaida a takarda: ɗigo in babu maki, lamba in akwai. Allon makaranta da alli sun isa a nuna wa fili jimillar maki, yawan waɗanda suka fita da oba nawa aka yi.

Nauyin mai gida bai tsaya ga fili ba. Ana kafa rumfa, wadda mutanen Sudan ke kira rakuba, a gefen ziri ta gabas ko yamma, ba a bayan mai jifa ba, don motsin mutane a can yana ɓatar wa mai bugu da ƙwallo. In bayan mai jifa akwai abin da launinsa ya saje da ƙwallon, a rataya baƙin zane in fara ce, fari in ja ce. A jera gadajen angarib da tabarmi ga manya, a ware wa mata wurinsu in za su zo, a ajiye randunan ruwa a inuwa. A tsaya shan ruwa bayan kowace oba 5 ko 6, kada a jira sai wani ya ce yana jin jiri. Tsakanin zango biyu Turawa kan yi hutun shayi na minti 20. A nan shayi ne ko gahawar jabana da zoɓo da dabino, abu mara nauyi, don wanda ya cika ciki da tuwon asida ba ya bin ƙwallo. Babban abinci sai an tashi. A ajiye akwatin magani mai bandeji da gishirin ruwa na ORS, da mota ɗaya da direbanta a kusa.

Ɓangare na biyu yana bugu har ya wuce makin na farko, ko mutanensa su ƙare, ko oba su cika. In maki ya zo daidai, a manyan gasanni akan ƙara oba ɗaya-ɗaya a raba gardama, amma a wasan zumunta akan bar shi kunnen doki. Masu rubutu su haɗa lissafi, kyaftin biyu su sa hannu, mai gida ya sanar da sakamako, a tsayar da ranar da baƙi za su karɓi ramuwa a garinsu. Daga nan a cire ƙusoshi a ƙirga su, kada ɗaya ta rage ta huda tayar tarakta ko kofaton dabba. A kakkaɓe shimfiɗa a naɗe ta, a rataye inda gara ba za ta kai ba. Sandunan bugu a goge su, a shafa musu man linsid kaɗan a fuska da gefuna ban da mariƙi, a kwantar da su a ɗaki mai inuwa, don busasshen zafi na tsaga iccen wilo. Zirin kuma in ana so a sake amfani da shi kafin damina, a kewaye shi da ƙaya saboda shanu, a rufe shi da ciyawa.